Abin da Ke Cikin Kwalayen Habibu

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da muka ɗauki ƙanena Habibu daga Hayin Banki muka kai shi makwancinsa. Kowace shekara in watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa a wannan fili, in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Ba rashin abin faɗi ne ya hana ni ba. Duk ta inda na ɗauko zancen sai in tarar ni ne mai laifi a cikinsa, kuma ban shirya tona wa kaina asiri a jarida ba. Bana dai wurin ɓuya ya ƙare mini, saboda wata tambaya da 'yarsa ta yi mini makon jiya.

Duk wanda ya zauna a Hayin Banki kafin waya ta zama gidan kallo ya san shagon Habibu Mai Kaset. Ɗan ɗaki ne a jikin gidan da yake zaune, ƙofa ɗaya, benci ɗaya, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Bangon nan uku cike suke da kwalayen fina-finai tun daga ƙasa har rufi, na Hausa, na Indiya, da na Sin masu dambe da tsalle-tsalle. Da kaset ya fara, irin mai zaren nan da ake mayarwa baya kafin a dawo da shi. Da faifai ya shigo sai ya koma faifai, amma sunan ya riga ya bi shi. Ka zo ka zaɓa, ka tafi gida ku kalla, gobe ko jibi ka dawo da shi ka ɗauki wani. Sana'ar ke nan, da ita ya yi aure, da ita ya riƙe gidansa.

Mu kuwa 'ya'yan malami ne. Mahaifinmu makarantar allo gare shi a Abakpa, a zaure ɗaya ya karantar har gemunsa ya yi fari, kuma ko mu 'ya'yansa Malam muke ce masa. Ni na bi boko, na shiga aikin gwamnati, na yi ta hawa har na samu gida mai katanga a Unguwar Rimi. Habibu ya sauke a hannun Malam, ya gama sakandare, sai ya je ya buɗe shagon da hotunan mata masu rawa suke kallon titi. Malam bai taɓa taka ƙofar shagon ba har ya bar duniya. Ni nakan je, amma nesa nake ajiye mota in ƙarasa da ƙafa. In aka tambaye ni a ofis me ƙanena yake yi, sai in ce harkar kayan lantarki. Na maimaita wannan ƙaryar har na daina jin nauyinta a bakina.

Abin da ban tsaya na gani ba a lokacin shi ne yadda yake aikinsa. Babu fim ɗin da zai hau kanta a shagon nan bai zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe ba. In ya gama sai ya ɗauki jan farcen matarsa Zulai ya ɗiga a kusurwar kwalin. Ɗigo ɗaya, a kalla da kowa, har da suruki a zaune. Ɗigo biyu, sai an tura yara islamiyya. Ɗigo uku kuwa, wannan ba ya shiga gidan aure, ko za ka kwana kana magiya. Ya san gidajen unguwar nan ɗaya bayan ɗaya, ya san inda ake da tsohuwa mai ciwon zuciya, ya san inda aka yi rasuwa kwanan nan har bai kamata a kai musu fim ɗin da uwa ke mutuwa a ciki ba.

Wata rana wani babba a ofishinmu ya shigo yana faɗa. Ya aika direbansa ya karɓo masa wani fim, mai shagon ya tambayi direba ko Hajiya babba, mahaifiyar maigidan, tana nan ko ta koma Zariya. Da aka ce tana nan, sai ya aiko da wani fim daban, ya ce wancan ya jira sai ta tafi. Maigidan namu ya ce bai taɓa ganin mai kaset mai iyayi irin na Hayin Bankin nan ba, wai shi zai zaɓa masa abin da zai kalla a falonsa. Ofis ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, har da buga tebur, ban ce ƙanena ba ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ta riƙa ba ni haushi don tana cin lokaci. Bai taɓa miƙa wa mutum kwali a rufe ba. Sai ya buɗe, ya zaro faifan, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya duba ko ya karce, ya hura masa iskar baki, ya goge da bakin rigarsa, ya karanta abin da ke jikinsa, sannan ya mayar ya miƙa. Na taɓa ce masa wannan wace irin wahala ce, ga suna a jikin kwali ƙuru-ƙuru. Ya ce, "Yaya, kwali ba abin yarda ba ne. Mai buga shi ma bai kalli fim ɗin ba." Na ɗauke ta a matsayin maganar ɗan kasuwa mai son a ce ya iya, na wuce.

Kasuwar ba rana ɗaya ta mutu ba. Masu tura fim a waya ne suka fara kafa teburansu a bakin titi, mutum ya miƙa waya a cika masa ita da abin da zai yi mako yana kallo. Su ma ba su daɗe suna cin duniyarsu ba, sai ga kallo kai tsaye ta intanet: ka sayi data, ka danna, fim ya zo maka har kan gado, babu zuwa shago, babu dawo da komai. Bencin Habibu ya koma wurin hutawar masu jiran keke. Ni ne na je har shagon na yi masa lacca, na ce zamani ya wuce shi, ya rufe ya nemi abin yi. Na ce zan saya masa babbar waya ya ga inda duniya ta kai. Ya ce ba zai ɗauki abin da ya cinye masa abinci ya sa a aljihu yana ciyar da shi ba. Da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila ya mutu, shi ya sa babu wanda ke da muryarsa a waya, har matarsa.

Abin da ya riƙe shi a shekarun ƙarshe wani aiki ne da ya ƙirƙiro wa kansa. Mutane suna da tsofaffin kaset na biki da suna da walimar dawowa daga Makka, ga su nan suna ruɓewa a ƙasan gado, ga na'urar kunna su ta ɓace daga gidaje. Sai ya riƙa karɓa yana juye su a faifai. Ya ba mai abu nasa, shi kuma ya riƙe guda, wanda yake kira uwa. Ya ce faifai ba ya shekara biyu a gidan da ke da yara, in naka ya karce ka dawo a sake haifa maka wani.

Da 'yar kyamarar da yake wannan aikin da ita ne ya yi abin da ni mai digiri ban yi tunaninsa ba. A azumin ƙarshe na rayuwar Malam, ido ya tafi amma hadda tana nan daram, Habibu ya je ya durƙusa ya roƙi a bar shi ya ɗauki tilawarsa. Malam ba ya son hoto. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin kyamara ta kalli bango. Haka aka yi wata guda, kowane hantsi izu biyu, kyamara tana kallon bangon zaure, muryar Malam tana shiga. A farkon kowane faifai za ka ji Habibu yana faɗin ko azumi nawa ne yau da izun da za a karanta, Malam kuma yana cewa, "Ka gama surutun?" Faifai talatin, izu sittin. Bayan rasuwar Malam, Habibu ya ce zai juya mini nawa. Na ce ya bari tukuna, na riga na kyautar da na'urar faifaina, wa ke kunna faifai yanzu, wata rana a tura mini a waya. Wata ranar ba ta zo ba.

Da hantsi ya faɗi a cikin shagon, kafin la'asar ya cika. Babu jinya, babu wasiyya. Ya bar Zulai da 'ya ɗaya, mai sunan mahaifiyarmu, wadda muke kira Walida, tana da shekara shida.

Washegarin sadakar bakwai Baffa Sale ya kira ni. Ƙanin Malam ne, shi ya gaji makarantar. Ya ce kayan shagon nan ba dukiyar da za a raba gado ba ce. In aka sayar, duk idon da ya kalli rawa a cikinsu, Habibu yana da kaso a zunubin, kuma zai riƙa iske shi har kabari. Yana faɗa yana share hawaye da bakin rawaninsa. Ina so in yi masa adalci a nan: Baffa yana ƙaunar Habibu, tsoro ne yake ji masa, kuma da abin da ya sani ya yi hukunci. Wani ɗan'uwanmu da ke wurin ya ce ko za a tambayi matarsa, ko a zauna a tantance kayan tukuna. Baffa ya dube ni, don ni ne ɗan boko, ni ne aka ɗauka na san waɗannan abubuwa.

Ni na rufe maganar. Na ce babu wani abu a shagon nan da ba ya intanet, duk wanda ke son fim ya danna waya ya gani, ba a yi asarar komai ba. Na faɗe ta da irin muryar da nake rufe taro da ita a ofis. Baffa tsoron Allah ne ya kai shi, ni kuwa ba zan yi wa kaina wannan kwalliyar ba. So nake shagon ya ɓace daga bakin titi, a daina nuna shi ana cewa na ƙanen wane ne.

Zulai tana cikin takaba, bango ɗaya ne tsakaninta da shagon. Taku goma zan yi in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama in tambaye ta. Ban yi ba. Na ce ai mace mai takaba ba a tayar mata da hankali da zancen kaya, kuma ni wan miji ne, akwai kunya. Sai na aika mata cewa za a kwashe kayan shago a adana a wurina. Muka share kantocin nan tas, muka cusa kwalaye a buhuna shida, muka ɗora a keke zuwa filin da ake ƙona shara a bayan layinsu. Aka zuba kananzir. Aka miƙo mini ashana a matsayina na babba, na ƙyasta. Baƙin hayaƙi ya tashi da warin roba mai shiga maƙogwaro, Baffa ya ɗaga hannu ya yi addu'a Allah ya sa wannan ya zama sauƙi ga mamaci, muka shafa. Na koma gida ranar ina jin na yi wa ƙanena gata.

Bayan kwana goma na je gaishe da Zulai, sai wata tsohuwa ta tare ni a ƙofar gida. Hajiya Ladi ce, maƙwabciyarsu, wadda ɗanta Bashir ya rasu a hatsarin mota shekara biyu kafin nan. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Alhaji, don Allah in an natsu a duba mini faifan ɗaurin auren Bashir. Nawa jikoki sun fasa shi. Marigayi Habibu ya ce uwar tana nan, ya nuna mini, a kwalin wani fim ɗin Indiya ya sa ta, mai mace da koren mayafi, can kanta ta sama."

Na ce, "A kwalin fim, Hajiya?"

Ta ce, "Ai duk a nan yake sa su. Ya ce faifan juyi tsirara ake sayar da shi, ga kwalaye kuma sun yi masa yawa tunda an daina haya."

Nan take na gane abin da muka ƙona. Amma shekara talatin a aikin gwamnati ba wasa ba ce, bakina ya san abin da zai faɗa ko ba ni. Na ce, "Za a duba, Hajiya."

Daga nan filin sharar na nufa, da babbar rigata da takalmin ofis. Na sami sanda na riƙa tona toka. Yawanci sun narke sun dunƙule wuri guda. A gefe, inda wuta ba ta ci sosai ba, na tsinci rabin faifai, bakinsa ya nannaɗe. A jikinsa ga rubutun Habibu da baƙin alƙalamin nan mai kauri: Malam, izu na sha bakwai da sha takwas. Na tsaya a tsakiyar sharar Hayin Banki da rana tsaka, riƙe da abin da ya rage na muryar ubana. Mu 'ya'yan malamai, mu muka zuba wa izu sittin kananzir, muka yi addu'a a kai, saboda hoton da ke bayan kwali bai yi mana ba.

Rabin faifan nan na sa shi a aljihun teburina, na kulle, na ja bakina na tsuke. Ban gaya wa Baffa ba, har ya rasu yana ganin ya yi wa Habibu alheri, kuma ban san ko tausayi ne ya hana ni faɗa masa ko tsoron kada magana ta fita ba. Bayan Hajiya Ladi wasu sun zo. Wani tela yana neman sunan 'yarsa ta fari, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa yana neman walimar da mahaifiyarsa take raye a ciki. Kowa na ce masa kayan suna sito a gidana, sun yi yawa, sai an sami lokaci, za a duba. Hajiya Ladi takan aiko duk bayan 'yan watanni, da gaisuwa da ban haƙuri, kamar ita ce ta yi laifi. Shekara uku ke nan da rasuwarta, ba ta sake ganin fuskar Bashir tana motsi ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Habibu zai ce in ya leƙo yau. Ina jin zai fara da gidana. Mu biyar ne a falo, talabijin ɗin da ta kusa cika bango tana kashe, kowa ya sunkuya a kan wayarsa ya toshe kunnuwa. Wannan tana dariya, wancan yana tsaki, babu wanda ya san dalilin ɗan'uwansa. A da in aka kawo faifai daga shagonsa, gida guda ake zama, a yi musu a kan wa ke da gaskiya a fim, uwar gida ta ce a tsayar sai ta sauke tukunya. Yanzu fim yana ƙarewa wani yake hawa da kansa, babu mai tambaya ko Hajiya babba tana nan. Ban san abin da autana yake kallo ba, kuma ba ni da bakin tambayarsa, don ni ma tun da na yi ritaya ina nan maƙale da wani fim mai dogon zango, in sabis ya tsaya ina zagin ɗan da'irar nan mai juyawa kamar ta ci mini gado.

Ba zan ce sabon abin ba shi da daɗi ba, ƙarya zan yi. Babu karcewa, babu fita cikin ruwan sama, babu wanda zai ce wani ya riga ka ɗauka. Haushina a kan maganar da na faɗa ranar ne, wai komai yana intanet. Ko a fina-finan ma ba gaskiya ba ce. Na nemi tsofaffin na Hausa da na san suna kantar Habibu, wasu babu su ko sama ko ƙasa, wasu an yanka su gunduwa-gunduwa an cusa talla a tsakani. Wani fim na fara kallo a manhaja, na dawo bayan wata biyu in ƙarasa, an cire shi, babu wanda zan je in yi wa ƙorafi. Abin da mutane da yawa ke so shi ake ɗorawa. Ɗaurin auren Bashir mutum ɗaya ce take son sa a duniya, kuma wuri ɗaya aka ajiye mata shi.

Masu tilawa kuwa ga su nan a waya ba iyaka, muryoyi masu zaƙi daga ƙasashe daban-daban, ka zaɓi wanda ka ga dama. Kowane azumi ina kunna su a mota. Babu mai jan numfashi inda Malam yake ja, babu mai ɗan tarin nan da yake yi kafin ya shiga sabon izu. Har na fara shakkar ko ina tuna muryar daidai, ko wadda na ƙera wa kaina ce nake ji.

Asabar ɗin da ta wuce Zulai ta zo gidana da Walida. Yarinyar ta kai shekara goma sha uku, ta sauke, za a yi walima ƙarshen wata, kuma ni ake sa ran zan tsaya a matsayin uba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce tana da roƙo. Ta ce tana so ranar walima a sa karatun Malam, mutane su ji inda ta gado. Ta ce Ummanta ta gaya mata akwai wani faifai a ciki da Abbanta yake riƙe da ita tana ƙarama, ta fashe da kuka a tsakiyar karatu, Abban yana lallashinta, Malam ya tsaya yana dariya.

Ta ce, "Baba, shi na fi so. Na fara manta muryar Abba. In na rufe ido ina ganin bakinsa yana motsi, amma ba na jin komai. Ni zan shiga siton in nema da kaina, ba sai ka wahala ba."

Wallahi "za a duba" ta taso har ta iso bakina. Na ɗaga kai sai na ga Zulai tana kallona, ita da shekara da shekaru ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe aljihun tebur, na ɗauko rabin faifan, na ajiye a gabansu. Na faɗa musu komai, buhunan, kananzir ɗin, da wanda ya ƙyasta ashana. Ban sa sunan Baffa a gaba ba, don ba shi ya ce ba a yi asarar komai ba.

Zulai ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na sani, Yaya. Ina zaune a kan tabarmar takaba warin ya shigo ta taga. Na san warin faifai in ya ƙone, shekara nawa ina share shagon nan. Da ka leƙo ka tambaye ni, magana ɗaya ce." Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, har ta bar yarinya tana sa rai. Ta ce, "Ba ni na ƙona ba, ba ni zan gaya mata ba. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Shekara bakwai ina ɗauka ina rufa wa kaina asiri, ashe mace ɗaya ce take kallona ina ta kai da kawowa, tana gaishe ni da ladabi duk sallah.

Saboda haka ga saƙona ga mutanen Hayin Banki da Kawo da duk wanda ya taɓa kai wa Habibu kaset ya juya masa: kada ku ƙara jira. Babu sito, babu abin da za a duba. Amanarku ya riƙe har ranar da ya faɗi, kowanne yana inda ya ajiye shi, ya san kwalin kowa da ka. Wansa ne ya ƙona, ba shi ba. Wanda zai iya yafewa ya yafe, wanda ba zai iya ba ban ga laifinsa ba. Waɗanda suka riga suka tafi, irin Hajiya Ladi, wannan kuma tsakanina da su sai gaban Allah.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Habibu, abin da hannu zai taɓa bai taka kara ya karya ba. Shagon yanzu wurin cajin waya ne. Sana'arsa ta mutu, kuma ko da ban ƙyasta ashana ba da ta mutu, wannan ba ni na kashe ta ba. Muryarsa ni na kashe. Abin da wuta ba ta kai gare shi ba shi ne halinsa: mutumin da muke jin kunyarsa, shi ne a cikinmu bai taɓa yanke wa abu hukunci bai duba cikinsa ba, shi ne kuma ya zauna wata guda yana tattara karatun uban da bai taɓa taka ƙofar shagonsa ba. Allah ya jiƙan Habibu, ya haɗa shi da Malam a inda babu bango tsakaninsu, ya sa abin da muka ƙona ya riga shi isa can a rubuce.

Har yanzu ban san ko ni zan tsaya a matsayin uba ranar walimar ba. Ban tambaya ba, su ma ba su ce ba. Ranar nan, sai da suka tashi tafiya Walida ta sunkuya ta ɗauki rabin faifan. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗaga shi wajen haske ta duba, ta hura masa iskar baki, ta goge da bakin hijabinta, ta karanta rubutun da ke jikinsa. Babu wanda ya koya mata, tana ƙarama ta gani a kan bencin shago. Sannan ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Baba, buhu shida, ko ɗaya ba ku buɗe ba?"

Na ce, "Ko ɗaya."